Ba zarton ne ya dakushe ba

Yaran 'yan'uwa da ke sayen injin yanka katako mai tebur na hannu a haraj, kasuwar tsofaffin kaya ta nan Jidda, kukansu ɗaya ne: "Kawu, zarton nan ya dakushe, ƙona katako yake yi." Sai su zuba riyal a sabo, amma baƙin tabon yana nan a gefen katakon nan mai tauri da ake kira zan. Sau da yawa zarton lafiyarsa ƙalau, zamansa ne ya karkace, balle in injin ya sha jijjiga a bayan dabbab, 'yar motar nan ta ɗaukar kaya.

A ɗan ɗakin aikina na saman gida, komai da kwarin nan miƙaƙƙe da aka fafe a kan teburin injin, a gefen zarto, nake gwada shi, don shi ne ba ya motsi. Nakan zare waya daga soket tukuna, kashe makunni kaɗai bai ishe ni ba. Sai in ɗaga zarton sama, in yi wa haƙori ɗaya alama da maka. In juyo shi gaba in auna tazararsa da kwarin, in mai da shi baya in sake aunawa. Dole haƙori ɗaya ne, saboda a yawancin zartuna wani haƙorin dama ya kalla, na kusa da shi hagu, faifan zarton kansa ma ba ya rasa 'yar lanƙwasa. Bambancin kada ya wuce milimita 0.1, kaurin takarda ɗaya ke nan. Mai agogon awo, ma'aunin nan mai allura da ke nuna 'yar ƙaramar tazara, ya huta. Wanda ba shi da shi, zawiya mai zamewa, wato ma'aunin kusurwa na kafintoci, da takardar sun wadatar.

Wurin gyaran ne ake son haƙuri. A sassauta notocin ƙarƙashin tebur masu riƙe da mazaunin zarto, a bar ɗaya da ɗan ƙarfi ya zama madogara, a riƙa bubbugawa a hankali da guntun katako. Ɗaurewa kanta tana janye shi, shi ya sa nake ɗaure su kaɗan-kaɗan, ina yi ina aunawa. A manyan injina kuwa teburin ake matsarwa.

Sai shingen da katako ke bi. Ni nakan bar bayansa ya ɗan buɗe kamar silin gashi. In ya matse ta baya, haƙoran da ke tasowa sukan cafki katakon su wurgo shi kan mai aiki, ga zarto mai inci 10 yana juyi wajen 4,000 a minti. Abin da ke tayar mini da hankali ke nan in na ga an cire ƙarfen nan na bayan zarto, mai hana katako matse faifan, wai yana tare hanya. A mai da shi, a daidaita shi a layi ɗaya da faifan.

Laimar Jidda kuma ba ta barin ƙarfe. Tsatsa kaɗan a cikin kwarin tana ɓata awon, don haka kafin in fara nakan goge shi in shafa kakin zuma.