Mun dawo gida, ni da Ummi: saƙon godiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillahi, Alhamdulillahi. Jiya bayan la'asar aka sallamo mu, kwana 16 da haihuwa. Da hannu ɗaya nake rubutun nan, ɗayan yana tallafe da Ummi a ƙirjina, a cikin zane, fata da fata, kamar yadda ma'aikatan ɗakin jarirai suka koya mini. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, da waɗanda suka turo saƙo ban amsa ba, ku yafe mini. Wallahi akwai ranakun da ko sunana aka kira sai na yi jim kafin in gane da ni ake.

Ba sai na maimaita abin da ya faru ba, tare da ku aka yi. Kun san ɓarin da na yi har sau biyu kafin wannan, ɗaya a mako na 9, ɗaya a na 11. Shi ya sa da Allah ya sake ba ni, ban iya ƙidayar wata irin ta iyayenmu ba. Wata ya yi mini nisa. Likita ta ce su a asibiti mako 40 suke lissafawa, daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, sai na samu kalanda na maƙala a bayan ƙofar ɗaki. Duk Talata in ja layi ɗaya, in yi sujadar godiya, in ce ya Allah ka ƙara mini guda.

A mako na 7 aka yi mini hoto na farko. Abin bai kai ƙwayar wake ba, amma ga wani ɗan ɗigo yana ƙyaftawa a tsakiya, aka ce zuciya ce. Ban gaya wa kowa ba sai Inna. Laulayi kuwa ya sa ni gaba, warin daddawa daga gidan maƙwabta ma ya isa ya tayar mini da amai, kuma duk da haka kullum na tashi da tashin zuciya sai in ji sanyi a raina, don a cikin biyun baya laulayin ne ya fara ɗaukewa kafin jini ya zo. Ranar da na ja layi na 12 na zauna bakin gado na yi kuka. Likita ta ce yanzu an gama zana mutum, hannu da ƙafa da yatsu duk sun fito, tsawonsa bai wuce ɗan yatsana ba, sauran aiki girma ne. Wajen mako na 14 amai ya sake ni, na ci tuwon shinkafa da miyar kuka har Inna ta ce in yi a hankali. Daga nan sai awo, da ƙwayar ƙarin jini, da Fansida ta rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake sa mu haɗiya a gabansu, da allurar tetanus.

Motsin farko a mako na 19 ya zo, cikin hunturu, ina zaune kan dadduma bayan asuba na lulluɓe da bargo. Wani abu ya ɗan shafe ni daga ciki, kamar kifi ya gilma a ruwa. Na tuna karatun malamarmu ta Islamiyya kan kwana 120 da busa rai, na kasa tashi daga wurin har rana ta fito. Da muka kai mako na 24 aka ce kunne ya fara aiki, sai maigidan ya mayar da karatunsa na bayan magariba gefen gadona. A na 28 aka ce ta kusa kilo ɗaya, tana buɗe ido tana rufewa. Ni kuma a lokacin takalmana suka daina shiga, zobe ya maƙale a yatsa, fuskata ta cika. Kowa na cewa ai haka mai ciki take, wasu har da cewa alamar namiji ne.

Godiyata ta farko bayan Allah ga malamar awon da ta auna ni a mako na 31. Ta ga jinina ya hau 160 bisa 110, ta sake aunawa, ta sa aka duba fitsari aka ga furotin, ta tambaye ni ciwon kai da ganin wasu taurari-taurari a ido. Na ce mata bari in je gida in ɗauko kaya in dawo. Ta riƙe katina ta ce, "Hajiya, ko ƙofar nan ba za ki fita ba." A ranar na ji haushinta, Allah ya yafe mini. Daga baya na gane irin hawan jinin nan ne da ke tasowa bayan mako na 20, wanda idan aka bar shi yake kai mace ga jijjiga. 'Yan uwana mata, kumburin fuska da hannu da ciwon kai mai nacin nan ba na sharewa ba ne. Ku je a auna ku.

Aka kwantar da ni. Likitoci suka ce duk makon da ta ƙara a ciki riba ce, saboda huhu yana cikin abubuwan da ke nuna a ƙarshe, suka yi mini allurai na taimaka wa huhun nata. Maigidan ya ciro kalandar daga bayan ƙofa ya kawo mini.

Akwai dare ɗaya a mako na 33 da ba zan manta ba har in koma ga Allah. Zafin bazarar Sakkwato kun san shi, zanin gado kansa kamar an ɗauko shi daga kan wuta. Yarinyar da ta saba damuna da shuri da zarar na kwanta bayan isha'i, ranar shiru. Na juya, na danna, na yi mata magana, shiru. Inna ta je gida ta huta bayan kwana biyar ba barci, ni kaɗai ce. Na kalli kalandar, na ga layi 33 da na ja da hannuna, sai zuciyata ta ce mini shi ke nan, nan ma aka tsaya. Na cusa bakin hijabi a baki don kada in tashi mutane.

A gadon kusa da ni akwai wata yarinya da aka kawo daga wajen Gwadabawa, tsohuwarta na jinyarta, tana kwana a tabarma a ƙasa. Ban taɓa yi mata magana ba sai gaisuwa. Ban san ta ji ni ba, sai na ji hannu a goshina. Ta ce, "Ɗiyata, mi as same ki?" Na gaya mata. Na ɗauka za ta ce in yi haƙuri zuwa safe. Sai ta ce, "Ƙila kwana shikai, amma wagga magana ba a kai ta safiya." Ta juya ni kan haguna, ta fita ba takalmi ta taso ma'aikaciyar dare. Kafin a kawo na'urar jin bugun zuciya, ta zauna a bakin gadona tana yi mini fifita da maficinta na kaba, ɗayan hannun a kan cikina, tana maimaita Hasbunallahu wa ni'imal wakil a hankali. Hannun nan duk kanta, hannun noma da daka, amma ban taɓa jin abin da ya kwantar mini da rai kamarsa ba. Aka shafa man, aka ɗora na'urar, aka zaga dama, aka zaga hagu, ba a ji komai ba sai shuuu. Ta matse yatsuna. Can ƙasa kusa da mara sai ga shi, da sauri-sauri, kamar luguden 'yan mata a turmi. Tsohuwar nan ta ɗaga hannu sama ta fashe da kuka, kai ka ce jikarta ce.

Daren nan aka kira likita, aka ƙara sa ido a kaina, kuma da hoto ya nuna girmanta ya ja baya, jinina kuma ya ƙi sauka, aka yanke a ciro ta da shigar mako na 34. Sauran kun sani. Kilo 1.8, kwalba, bututun abinci ta hanci, ni ina tatsar nono a ɗan kofi ana kai mata. An raɗa suna a masallaci ranar bakwai tana kwance a can, aka sa mata sunan Inna. Sai da ta yi kwana 10 kafin ta iya kama nono da kanta ta haɗiya ba ta sarƙe ba.

Na san ba a saba ambaton mutane a irin wannan ba, kuma wasunsu za su ji nauyi, amma ku bar ni in faɗa. Inna, ke kika haife ni, kika sake haifata a wannan karon, Allah ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki. Goggon Mabera da ta riƙa aiko fura da kunu safe da yamma har mako biyar ba fashi. Maman Biyu maƙwabciyata a Gwiwa, da ta riƙe mini gida da makulli kamar nata. Yaya Babba da ya biya kuɗin tiyata bai bari maigidan ya ji adadin ba. Samari biyu 'yan kabu-kabu daga majalisar maigidan, da suka ajiye babura da tsakar rana suka ba ni jini leda biyu, aka ba su kuɗin madara suka ƙi karɓa. 'Yan ajinmu na Islamiyya da suka yi saukar Alƙur'ani. Likitoci da ma'aikatan jinya na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, musamman na ɗakin jarirai, masu kwana a tsaye kan 'ya'yan da ba nasu ba. Shi kuma baban Ummi, kunya ba za ta bar ni in ce komai ba a nan, ya san abin da ke raina.

Ya Allah, duk wanda ya taka ƙafa, ko ya buga waya, ko ya tuna da mu a sujada, ka biya masa buƙatunsa na duniya da lahira. Ka yaye masa damuwar da bai gaya wa kowa ba. Masu ciki ka sauke su lafiya, ka raba su da 'ya'yansu kowa da ransa. Masu nema ka ba su masu albarka, waɗanda suka rasa ka sanyaya zukatansu ka musanya musu, don na san wannan ɗacin. Jariran da muka baro a kwalba, ka cika musu kwanakinsu ka mayar da su hannun iyayensu. Iyayenmu da suka rigaye mu ka haskaka kabarinsu. Amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

Akwai kuma waɗanda na yi ta duban ƙofa ina sa ran gani. Daga Arkilla zuwa asibitin ba tafiyar kwana ba ce, kuma jini ɗaya muke. Mako biyar ne. Na ba su uzuri, ƙila hidima ce ta yi yawa, Allah ya bar zumunci.

Masu tambayar wankan jego da kunun kanwa, likita ta hana ni kanwa saboda hawan jinin da bai gama sauka ba, ta ce gishirin da ke cikinta yana wahalar da zuciyar mai jego, ruwan wanka kuma mai ɗumi kawai har ɗinki ya warke. Goggo ta yi ta faɗa, daga baya ta haƙura. Masu zuwa barka muna maraba, amma don Allah a wanke hannu kafin a taɓa ta, mai mura ya dakata tukuna, kuma a rage turaren wuta. A lissafin asibiti yau ne take cika mako 36 da 'yan kwanaki, da yanzu tana ciki ba ta fito ba.

Roƙona na ƙarshe ga mutanen Gwadabawa da kewaye. An sallami 'yar tsohuwar nan ranar da aka shiga da ni tiyata, na farfaɗo na tarar da gadon an canza zani. Ban san sunanta ba, Baba kawai nake ce mata, ba ta da waya. Doguwa ce, siririya, 'yarta ta haifi namiji a makon. Duk wanda ya gane ta, ya gaya mata yarinyar nan ta zo da ranta, mace ce, tana shan nono. Ta mance maficinta a kan gadona, yana nan wurina, ina so in kai mata da kaina idan na yi arba'in.