Daga Akra zuwa Cape Coast, inda aka rataye mutanen baƙar tuta

Da sassafe muka shiga mota a tashar Kaneshie da ke Akra, ni da ɗan kawuna mazaunin Nima. Hanyar Cape Coast ba ta wuce kilomita 150 ba, amma cunkoson Kasoa kaɗai ya isa ya cinye wa mutum hantsi. Bayan mun wuce Mankessim sai iskar teku ta fara shigowa ta taga, da ƙamshin kifin da ake bandawa a bakin titi.

Na roƙi a sauke mu a Anomabu. Ɗan kawun nawa ya ce, "Yaya, me za ka gani a nan ban da masunta?" Abin da ya kawo ni ya faru ne a kan ruwa. A gaban wannan garin, a 1719, 'yan fashin teku suka kama wani jirgin bayi mai suna Princess, suka tafi da wani ma'aikacinsa ɗan Wales, Bartholomew Roberts. Cikin makonni kaɗan ya zama shugabansu, kuma kafin ya mutu ya kama jirage kusan 400. Na tsaya a kan yashi ina kallon kwalekwalen Fante, mutanen wannan gaɓar, kowanne da tutarsa, wani ta Jamus, wani ta ƙungiyar ƙwallo.

Tutar 'yan fashi da muka saba gani a rigunan yara ita ce ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye. A zamanin, kowane shugaba da irin tasa. Wani littafi da aka buga a Landan a 1724 ya ce ɗaya daga tutocin Roberts hotonsa ne riƙe da takobi, yana tsaye a kan ƙoƙunan kai biyu, ɗaya na mutumin Barbados, ɗaya na mutumin Martinique, tsibiran da gwamnoninsu suka sa a farauto shi. Aikin baƙar tuta shi ne ta karya zuciyar na gaba tun daga nesa, ya miƙa wuya ba tare da an ɓarnatar da albarushi ba. Idan kuwa aka ɗaga ja, to babu sauran afuwa.

Da azahar muka isa Cape Coast. Tsohon ginin Turawa da ke bakin teku, inda a da ake tsare bayi, fari ne fat, bindigogin igwa a jere suna fuskantar teku. Mutanen Sweden ne suka fara kafa shi a 1653, daga baya ya koma hannun Ingila. Mai yi mana jagora ya fara kai mu kurkukun maza da ke ƙarƙashin ƙasa. Duhu, zafi, ga wani wari da har yau bai bar bangon ba. Daidai samansa aka gina wurin ibadar Turawan. Da muka fito babu wanda ya iya magana.

A wannan gini aka yi wa mutanen Roberts shari'a. A watan Fabrairun 1722 jirgin yaƙin Ingila, Swallow, ƙarƙashin Chaloner Ogle, ya riske su a Cape Lopez, cikin Gabon ta yau, da yawansu a buge. Harbin igwa ya sami Roberts a maƙogwaro, yaransa suka jefa gawarsa a teku kamar yadda ya yi wasiyya. Aka kwaso sauran zuwa nan, aka rataye 52 a bakin ruwa, wajen ƙofa.

Ban ji tausayinsu ba, don na san abin da suka yi wata guda kafin nan a Ouidah, cikin Jamhuriyar Benin ta yau. Sun tsare jirage 11 suna neman fansa da zinariya. Kyaftin ɗin ɗaya daga cikinsu, mai suna Porcupine, ya ƙi biya, sai suka banka wa jirgin wuta da bayi kusan 80 a ciki, an ɗaure su bibbiyu da sarƙa. Wanda ya faɗa ruwa don gudun wuta, kifayen da ke cin mutane na jiransa.

Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne waɗanda suka yi hukuncin. Kamfanin da ke riƙe da ginin fataucin mutane yake yi, da lasisin sarkin Ingila, kuma laifin 'yan fashin a wurinsa shi ne sun taɓa masa haja. A jiragen Roberts an sami baƙaƙen fata sama da 60. Turawan da aka kama an saurare su ɗaya bayan ɗaya, har aka wanke da dama aka sallame su. Su kuwa baƙaƙen ko gaban alƙali ba a kai su ba, sayar da su aka yi. Ogle ya koma gida aka ba shi sarautar girmamawa.

La'asar ta yi, muka tambayi hanyar zango. Wata dattijuwa mai sayar da dokunu ta ce, "Ku miƙe, 'ya'yana, za ku ji kiran salla." A can muka yi salla muka kwana, washegari muka kama hanyar Elmina.