Na kwashe dosiyen OneDrive daga C zuwa D: aikin kwana uku

Ƴan uwa masu koyon ɗaukar hoto da gyaransa, sannunku da ƙoƙari. Wannan mako ban taɓa kyamara ba ko sau ɗaya, kwamfutata ce ta cinye mini lokaci. Na rubuto muku yadda abin ya gudana ne don na san da yawanmu a nan Tahoua irin kwamfuta ɗaya muke riƙe da ita: ta hannu, mai ƙaramin diski.

Tawa SSD ɗinta, wato diski mai sauri da kwamfutar ke kira C, jiga 128 ne. Yayana da ke Abijan ya saka ni cikin Microsoft 365 na iyali, wanda ke ɗaukar mutum 6, kowa da tera 1 a OneDrive, wato ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft a intanet. Kafin nan jiga 5 na kyauta nake lallaɓawa. Da wuri ya samu sai na saki jiki, hotunan suna, na biki, da waɗanda na ɗauko a gonakin albasa na Galmi, duk can nake zubawa. Abin da ban lura ba shi ne, duk abin da na zuba yana da kwafi zaune a C, cikin dosiyen sunana. Ya kai jiga 46. Layin da ke nuna cikar C ya koma ja, manhajar gyaran hoto ta fara tsayawa tana tunani kafin ta buɗe hoto ɗaya.

Asabar. Na kai wa wani dattijo mai gyara a kasuwa. Ya cire mazubin DVD, wanda rabona da shi an yi shekaru, ya sa diski mai tera 1 a gurbinsa. Ya zama D. Da zan tafi ya ce, "Yaro, ka bar shi a NTFS, kar wani ya ce maka ka canza." Na ce, "To Baba, Allah ya saka da alheri." NTFS tsarin jera fayiloli ne a kan diski. Daga baya na gane dalilinsa: tsarin nan na OneDrive da ke nuna maka hoto ba tare da ya sauko da shi ba, NTFS yake buƙata. Kle ɗin USB da muke yawo da su galibi FAT32 ne ko exFAT, kuma FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce jiga 4. Wanda ke tunanin maida dosiyensa kan kle, ya fara duba wannan.

Daren Asabar ɗin ne na yi ɓarna, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Na buɗe dosiyen OneDrive, na zaɓi hotunan wani suna da na ɗauka a watan jiya, na yanke, na manna a D. Gani nake kamar kwashe kaya ne daga ɗaki zuwa ɗaki. Can sai ga saƙo, wai an goge fayiloli masu yawa daga OneDrive. Na duba a waya, babu su. Gabana ya faɗi, don mai jego ba ta karɓi nata ba tukuna, kuma ta wayar nake shirin tura mata.

Dosiyen nan ba rumbu ba ne da ake ajiya a rufe. Madubi ne. Abin da ka cire a kwamfuta, manhajar tana ɗauka ka goge shi ne, sai ta goge na sama, wato na intanet, ma don su zo daidai. Abin da ya cece ni shi ne kwandon shara na OneDrive a intanet, wanda ke riƙe abin da aka goge har kwana 30 ga masu asusu irin namu. Na shiga na maido da su duka. Na daɗe zaune a tsakar gida kafin barci ya zo.

Lahadi na sake shiri, a hankali. Tun da kwamfutocinmu da Faransanci suke magana, zan faɗi sunayen maɓallan yadda za ku gan su.

Na danna alamar gajimare da ke ƙasa kusa da agogo, na jira har ta nuna komai ya gama hawa. Sannan Paramètres, sannan Compte, sannan "Dissocier ce PC". Wannan shi ne kwance igiya. Ba ya goge komai a sama, yana dai raba kwamfutar da asusun, yadda duk abin da ka yi wa dosiyen bayan nan ba zai taɓa na intanet ba. Da na san haka ranar Asabar da ban sha wancan tashin hankali ba.

Daga nan kwafi na yi, ban yanke ba. Lokacin zafi ne, kuran yana zuwa yana tafiya, batirina kuma ba ya kai awa ɗaya. In wuta ta ɗauke a tsakiyar yanka, sai ka rasa wanne ya ƙetare wanne ya rage. Da kwafi kuwa na asali yana nan, sai ka sake. Ya ɗauki kusan minti 20. Da ya gama na danna Propriétés a kan tsohon da sabon, na rubuta yawan fayiloli da nauyinsu a takarda, na gwada. Sun yi daidai.

Wani zai ce me ya sa ba za a bar OneDrive ya sauko da komai sabo a D ba? Ya lissafa kuɗin jiga 46 a forfe ɗin waya, zai ba kansa amsa. Kwafin nan daga diski zuwa diski ko dala bai ci ba.

Sai na sake shiga asusun. A nan ne ake son natsuwa, don hannu ya saba danna Suivant ba karatu. Akwai shafin da ke nuna inda dosiyen zai zauna, a ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta "Modifier l'emplacement". Na danna, na nuna masa D. Ku karanta hanyar da ya rubuta, ta zama D:\OneDrive, sunan sau ɗaya ba sau biyu ba. Ya ce akwai dosiye mai wannan suna, na zaɓi "Utiliser ce dossier". Ya shiga gwada na ƙasa da na sama ɗaya bayan ɗaya. Na tafi sallar la'asar na dawo yana yi, sai dab da magariba alamun kore suka cika. Na duba forfe ɗina, abin da ya ci kaɗan ne.

Alamun nan ma sai yanzu na iya karanta su. Gajimare shuɗi na nufin hoton yana sama kawai. Kore wanda cikinsa fari ne, ya sauko amma ana iya maida shi sama. Kore cikakke shi ne wanda ka ce "Toujours conserver sur cet appareil". Aikin da ke hannuna na sa masa kore cikakke, don in iya gyara ko babu rezo. Na bara kuwa na danna masa "Libérer de l'espace".

Litinin na buɗe manhajar gyaran hoto, ta ce ba ta ga hotuna ba, don har yanzu C take nema. Na nuna mata babban dosiyen a D sau ɗaya, sauran suka biyo. Na kuma lura ƙananan hotunan sun fi jinkirin fitowa, don sabon diskin mai juyawa ne, ba SSD ba. Na yarda da wannan, amma manhajar kanta na bar ta a C.

Tsohon dosiyen yana nan ban goge ba, don haka layin C bai bar ja ba tukuna. Na ba shi zuwa Juma'a. Kullum da dare ina buɗe hotuna goma daga D, daga shekaru daban-daban, in ga sun buɗe lafiya. Mai jego ta karɓi nata jiya da safe.