Yadda na gano inda ruwa ke shigowa ta ƙafar injin jirgina

Famfon da ke kwashe ruwa daga ƙasan jirgi ne ya fara sanar da ni akwai matsala. A da sai ya yini bai tashi ba, sai ga shi duk fitar da na yi ina jin kukansa sau uku ko huɗu. Jirgin nawa ƙarami ne. Injinsa MerCruiser ne mai silinda 6, yana zaune a ciki, ƙafarsa kuwa, Alpha One, tana waje manne da bangon baya, ita ke ɗauke da giya da farfela. Duk jirgin da aka ƙera haka yana da babbar kafa a bangon baya, ta nan sandar da ke juya farfela da wayar canza giya da hanyar hayaƙi da tiyon ruwan sanyaya inji suke wucewa. Yawancin wannan kafa a cikin ruwa take, kuma roba ce kawai ke tsare ta.

Abin da na fara yi kuskure ne. Na ɗora jirgin a tirela, na shafe kewayen ƙarfen da ya riƙe ƙafar da silikon, na sauya matoshin ramin tsiyayar da ruwa, na koma. Babu abin da ya canza. Na yi asarar mako biyu, sannan na ɓata yini guda ina kankare silikon ɗin, don ya rufe mini wuraren da ya kamata in duba.

Daga nan na daina zato, na koma sa ido. Na kwashe ruwan tas, na goge da tsumma har ƙasan ya bushe ƙarau, na barbaɗa hoda a bangon baya ta ciki da kewayen injin. Hoda ba ta ɓoye sawun ruwa, ko ɗigo ɗaya ne zai bar layi. Na ɗauki tocila da madubi mai dogon hannu, na mayar da jirgin ruwa, na ɗaure shi, na kwanta rub da ciki a bayan injin.

Na raba gwajin gida uku, kuma wannan rabon shi ya warware mini komai. Da farko inji a kashe, ƙafa a ƙasa: awa guda, hoda ba ta jiƙe ba. Sai na kunna fankar fitar da tururin fetur na minti 4, abin da ba na wasa da shi, na tayar da injin. Da ruwan ya bayyana a lokacin, musamman in da ɗumi, da na san daga tiyo ko bututun hayaƙi yake, ba daga waje ba. Nan ma shiru. A gwaji na uku na kashe injin, na ɗaga ƙafar sama, na murɗa sitiyari har ƙarshe. Ba a yi minti biyu ba madubi ya nuna mini siririn layin ruwa mai sanyi yana gangarowa daga inda sandar juyi ta shigo.

A bayan wannan wuri akwai robobi uku masu ninki kamar zugazugin maƙera. Babbar tana lulluɓe da gwiwar sandar juyi, ɗaya ta hayaƙi ce, ƙaramar kuma ta wayar giya. Ta hayaƙi ko ta yage ba ta cika kawo ruwa ciki ba, amma sauran biyun kowacce na iya nutsar da jirgi a dare ɗaya idan batir ya mutu, famfo ya tsaya. Da na fitar da jirgin na ɗaga ƙafar, na bi ninkin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, sai na ji tsagewar a ƙasan babbar robar, ba ta kai tsawon gaɓar yatsa ba. Idan ƙafa tana ƙasa ninkin yana matse ta, idan an ɗaga ta kuma sai bakin ya buɗe. Raina ya ɓaci da na gane dalili, domin shekaru na yi ina ajiye jirgin da ƙafarsa a ɗage, robar tana a miƙe rana da sanyi suna cinta.

Cire ƙafar ba wuya: a sa giyar gaba tukuna, wannan dole ne a Alpha One, a kwance sandunan ɗagawa, a kwance noti 6, a jawo. Tana da nauyi, sai da na nemi mai kama mini. Tana fita ruwa mai launin tsatsa ya zubo daga cikin robar. Na sa hannu na juya boris ɗin da sandar ke ratsawa, sai na ji yana karce kamar da yashi a ciki. A nan na fahimci gurnanin da nake ji duk lokacin da na sha kwana. Na sauya shi, na sauya robobin duka uku tunda shekarunsu ɗaya, na duba daidaiton inji da ƙafa da sandar awo. Sa sabuwar roba shi ya fi cin lokaci: a goge mazauninta sosai, a shafa gam ɗinta na musamman, a tabbatar bakinta ya faɗa cikin kwarminsa ko'ina kafin a ɗaure kilif. Sau biyu ina cirewa ina mayarwa kafin hankalina ya kwanta.

Tunda ƙafar a cire take sai na tsiyaye man giyarta, ya fito fari-fari kamar madara, alamar ruwa ya shiga cikinsa. Wannan wani yoyon ne daban, ba ya kai ruwa cikin jirgi, giya yake kashewa a hankali. Na cire farfela, na tarar da zaren fatsa ya nannaɗe a bayanta ya yanka sil ɗin sandar, wato robar da ke hana ruwa shiga akwatin giya. Bayan na sauya shi na hura iska cikin akwatin giyar da famfon hannu mai agogo, matsin iskar kusan psi 10, na juya sandunan ina kallon allura, ba ta motsa ba. Na ɗura sabon mai ta ramin ƙasa har ya fito ta na sama, na sa sababbin wosha a kusoshin biyu.

Na sake gwajin hodar nan, kashi ukun duka, har da ɗaga ƙafa da murɗa sitiyari hagu da dama. Hoda ta tashi a bushe. Yanzu ƙafar a sauke nake ajiye ta, kuma kafin fitar farko ta kowace shekara sai na bi ninkin robobin da yatsa, na cire farfela na duba bayanta.