Juma'a, 29 ga Satumba 2023: ranar biyan haya

Yau ranar haya ce a Ingila. Shagunan da ke kan tsohon tsarin yarjejeniya ba wata-wata suke biya ba, kuɗin wata uku ake dunƙulewa a biya tun kafin a shiga watannin: 25 ga Maris, 24 ga Yuni, 29 ga Satumba, 25 ga Disamba. Mu masu riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa lissafi a nan gefen Manchester, a irin wannan rana muke gane wanda zai kai baɗi da wanda ba zai kai ba.

Da safe littafin wani kantin unguwa na duba, irin mai sayar da madara, burodi, jarida da taba. Ciniki bai faɗi warwas ba, kuma abin da ke ruɗin masu shago ke nan: suna ganin mutane na shiga suna fita, sai su ɗauka lafiya lau. Matsalar tana wajen kuɗin da ke fita ko an yi ciniki ko ba a yi ba. A ce haya fam 18,000 ce a shekara, to yau sai an ajiye 4,500 a dunƙule. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga fam 9.50 zuwa 10.42 a awa tun Afrilu. Harajin VAT na watanni ukun da ke ƙarewa gobe yana jira ranar 7 ga Nuwamba, kuma da yawa sun riga sun juya kuɗin a sari, sun manta amanar gwamnati ce a hannunsu. Ga kuma bashin lokacin korona, wanda aka bayar har fam 50,000 a kan ruwa kashi 2.5, shekarar farko ba a biya komai ba, yanzu kuwa duk wata banki na cira.

Wuta ce ta fi yin ɓarna. Ƙayyade farashin da Ofgem, hukumar kula da wuta da gas, ke yi na gidajen zama ne, bai shafi shago ba. Wanda kwantiraginsa ya ƙare a kakar bara, lokacin da gas ya yi tashin gwauron zabi, ya sa hannu a sabo na shekara biyu ko uku a kan farashin wancan lokaci. Babban tallafin gwamnati na kuɗin wuta da gas ya ƙare ranar 31 ga Maris, wanda ya gaje shi bai taka kara ya karya ba. Farashi ya sauko a kasuwa, shi kuwa yana ɗaure. Kuma firji da firiza ba a kashe su da dare.

Abin da mai kanti ke yi idan ya matsu kusan iri ɗaya ne ko'ina: ya rage sari don ya haɗa kuɗin haya. A kanta ake ganewa. Gwangwanin wake layi ɗaya an jawo shi gaba, bayansa wayam. Firji ɗaya a kashe, an jera ruwan roba a ciki don kada ya zauna fanko. Mai saye ya zo neman abu sau biyu bai samu ba, na uku sai ya wuce manyan kantuna masu araha irin su Aldi ko Lidl, ba kuma zai dawo ba. Uwar kuɗi ake ci a lokacin, littafi kuwa sai bayan wata shida zai nuna.

Bayan sallar Juma'a na bi ta gaban Wilko, babban kantin kayan gida. Kamfanin ya durƙushe tun Agusta, shaguna kusan 400, ma'aikata wajen 12,500, ana ta rufe rassa rukuni-rukuni. Irin wannan babban shago shi ke jawo ƙafa zuwa titi. Wanda ya zo sayen fenti shi ne zai tsaya wajen mai gyaran waya da mai shayi.

Da la'asar lissafin wata mashaya. Ba wurin zamana ba ne, amma lissafi lissafi ne, kuma nasu ya fi na kanti wuya. Mashaya da yawa ba na masu gudanar da su ba ne. Kamfani ke da ginin, ya ba da haya da sharaɗin a wajensa kaɗai za a sari giya, a farashin da ya fi na kasuwa. Wato mai gida yana ci ta haya, yana ci ta ganga. Dokar 2016 ta ba masu haya a hannun kamfanonin da ke da irin waɗannan mashaya 500 ko fiye damar neman a kwance musu wannan sharaɗi, sai dai hayar kan tashi idan an kwance.

Ganga mai lita 50 kofi 88 take bayarwa a takarda. A zahiri ba ta kaiwa, don akwai kumfa, akwai abin da ke zuba, kuma duk mako sai an wanke bututun da ke hawowa daga ɗakin ƙasa inda ake ajiye ganguna, abin da ke kwance a cikinsa a zubar. Giyar gargajiyarsu da ba a matsa mata iskar gas kwana uku zuwa huɗu take yi bayan an buɗe ganga. Idan mutane sun ragu, asarar ba ta raguwa tare da su, ƙaruwa ma take yi, don rabin ganga ake zubarwa. Ɗakin ƙasa kuma dole ya zauna a sanyin digiri 11 zuwa 13 dare da rana. Shi ya sa ake fara rufe Litinin da Talata, sai a rufe kicin, daga nan sai katako a taga. Babban Bankin Ingila ya bar kuɗin ruwa a kashi 5.25 makon jiya. Mai biyan bashin gida da aka ƙara wa ɗaruruwan fam a wata, a babban kanti zai sayi abin shansa ya koma gida.

Wani ɗan'uwa direban tasi ya ce da ni a ƙofar masallaci, "Malam, ka san ba na sha, amma tun da aka rufe mashayar kan kwanar nan, daren Asabar ɗina ya mutu." Mai kebab da ke kusa da ita ma da masu fitowa ƙarfe sha ɗaya yake rayuwa.

Wanda bai iya biya yau ba, kada ya yi shiru ya kashe waya. Yawancin yarjejeniyoyi sun ba mai gida ikon canza makulli bayan kwana 14 ko 21, ba sai ya je kotu ba. Ko ya turo masu kwasar kaya bayan sanarwar kwana 7. Sai a fara duba takarda a ga ko an sa hannu a lamuni na ƙashin kai, don idan an sa, rufe kamfani ba ya kashe bashin, har gida zai biyo mutum. Sannan a rubuta wa mai gida a nemi komawa biyan wata-wata. Akwai abin da za a riƙe shi da shi: shago idan ya zauna babu kowa, wata uku kacal ake ɗauke masa harajin wurin kasuwanci, bayan nan mai ginin ne zai biya daga aljihunsa. Wasiƙar mai kantin safe na rubuta kafin magariba, an haɗa da kuɗin wata ɗaya, za ta tafi Litinin.