Mita 12 ga babba, 10 ga ƙarami: yadda aka auna gidanmu a Hamburg

A Jamus, kafin a ba mai iyali takardar zama ta dindindin, sai an duba faɗin gidan da yake ciki. Sauran sharuɗɗan kowa ya haddace su tun yana sabon zuwa: shekara 5 da izinin zama, wata 60 ana zuba kuɗin fansho, Jamusanci har matakin B1, wato matsakaicin iya harshen, sanin dokoki da tsarin zaman ƙasar, sannan mutum ya nuna yana riƙe kansa ba da tallafin gwamnati ba. Su ake tattaunawa a gidan suna da bayan sallar Juma'a. Maganar gida kuwa da wuya ka ji an ɗago ta, alhali tana nan a sashe na 9 na dokar zaman baƙi da ta fara aiki a 2005.

Ga yadda ake lissafin. Duk wanda ya haura shekara 6 ana ware masa murabba'in mita 12, yaron da bai kai ba ana ware masa 10. Jaririn da bai cika shekara 2 ba, ba a ƙirga shi sam. Dole kuma a samu kicin da banɗaki. In gidan ya gaza da kamar kashi 10 cikin ɗari, ana iya kau da kai. Ofishin kula da baƙi ba ya zuwa da igiyar awo, takardar yarjejeniyar haya yake karɓa ya karanta adadin da mai gida ya rubuta.

Mu gidanmu na farko, a unguwar Wilhelmsburg, mita 48 ne, ɗaki biyu. A nan in an ce ɗaki biyu, har da falo ake nufi. Ni da maigidana mita 24, manyan yaranmu biyu 24, ya tashi 48 cif. Auta yana goye, doka ba ta san da shi ba. Ranar da ya cika shekara 2 lissafi ya koma 58, kuma ko da rangwamen nan ba mu kai ba. Gidan bai ragu ba, mu ma ba mu ƙaru ba, amma a takarda mun zama iyalin da ba su da wadataccen muhalli, daidai lokacin da shekarunmu na neman takardar suka cika.

Da farko abin ya yi min ciwo. Na tashi a cikin birnin Kano, a gidan da mu bakwai muke kwana ɗakin kakarmu, da rana kuma tsakar gida da zaure da ƙofar gida duk namu ne. Ba wanda ya taɓa ce mana muna cikin matsi. Sai da na yi hunturu a nan na gane dalilin dokar. Watanni ana sanyi, duhu ya shiga tun ƙarfe huɗu da rabi na yamma, tagogi a rufe, wanki a shanye cikin ɗaki, bango ya fara yin baƙi-baƙi saboda laima. Yaro ba shi da tsakar gidan da zai fita ya sha iska. Babbar 'yarmu a kan gado take aikin makaranta, ƙannenta na tsalle a kanta. Don haka ban ga laifin awon ba. Dokar ma ta ce kada a nemi baƙo ya kawo fiye da abin da ya ishi mai neman gidan gwamnati mai rangwame. Wannan adalci ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne sharaɗin gida da sharaɗin samun kuɗi a ɗaure suke da juna. Ofishin yana haɗa kuɗin haya da na ɗumama gida da abin da doka ta ƙiyasta kowane mutum zai ci, ya gwada da albashi. Ka koma babban gida don cika sharaɗi ɗaya, haya ta tashi, sai ɗayan ya kuɓuce maka. Kuɗin yara da gwamnati ke biyan kowane iyali, Kindergeld, ba a ɗaukarsa tallafi, yana ma shiga cikin abin da kake samu, kuma shi ya taimake mu. Amma ni da nake aiki a gidan kula da tsofaffi, da maigidana da ke aikin sito a tashar jiragen ruwa, sai da muka zauna da biro muna neman gidan da ya isa girma ba tare da ya fi ƙarfin albashinmu a idon hukuma ba. Irin wannan gida a Hamburg kowa shi yake nema, har Jamusawan kansu.

Neman kuwa wahala ce tsagwaronta. Ka je ganin gida ka tarar da layi har matakala, kowa riƙe da takardun albashin wata uku da shaidar Schufa cewa ba ya da tarihin ƙin biyan bashi. Masu gida da yawa suna son albashi ya ninka tsurar haya sau uku. Mu kuma da an ga sunanmu da yara uku, sau da yawa shiru kake ji. Wani ya faɗa min a waya, cikin ladabi, wai gidan ya fi dacewa da masu son natsuwa. Na ajiye wayar na yi kuka, don na san abin da yake nufi.

Wata Hajiya 'yar zangon Kumasi, wadda ta daɗe a garin, ita ta ɗora mu a hanya. Ta ce, “'Yata, ki bar bin masu gida ɗaiɗai. Ku je ku nemi takardar shaidar cancantar gida mai rangwame, ku kuma rubuta sunanku a ƙungiyoyin gidajen haɗin gwiwa.” A irin waɗannan ƙungiyoyi mai haya yana sayen hannun jari ne ya zama ɗan ƙungiya, hayarsu kuma ta fi sauƙi. Ita ce ta sanar da ni cewa kuɗin ajiya da mai gida ke karɓa ba ya wuce hayar wata uku, kuma doka ta yarda a biya shi kashi uku. Da na sani tun a gidan farko, da ban sayar da 'yan kunnena ba.

Jiran ya yi tsawo, har sai da muka sabunta izininmu na wucin gadi. Daga baya ƙungiya ɗaya ta kira mu, gida mai ɗaki uku a unguwar Harburg, mita 67. Kuɗin hannun jarin da adashin matan unguwa na biya. Gidan ba ko kwanon wanke-wanke a kicin, kamar yadda ake yawan samu a Jamus, sai da muka sayi na hannu muka haɗa.

Takardar dindindin ta fito mana a bara. Hayar ta fi ta da nesa ba kusa ba, shi ya sa har yau maigidana yake karɓar aikin Asabar, ni kuma na ƙara kwanan dare a wajen aiki.