Kuben fistol mai kulle: abin da na gani da na gwada iri uku

Aiki biyu ake nema a wurin kube mai kulle, kuma ayyukan nan ba sa ga maciji da juna. Ana so ya riƙe fistol gam idan wani ya kai hannu zai fizge, ana kuma so ya sake ta nan take idan mai ita ne ya nema. Duk matsalar da na ci karo da ita daga tsakanin biyun nan ta fito.

Iri uku na ɗaura a bel ɗaya, ɗaya bayan ɗaya: mai maɓalli a gefe wanda ɗan ali ke dannawa, mai sakata da babban yatsa ke turawa, da na fata mai maɗauri a sama. Kafin komai na cire magazin, wato gidan harsasai, na ja saman bindigar baya, na duba ramin harsashi da ido, na sa yatsa na taɓa, sannan na kai harsasan wani ɗaki na rufe. Gwajin fizga kuwa da bindigar roba na yi shi, irin shuɗiyar nan ta horo da ake zubawa daidai girman ta gaske. Ba a kokawa da bindigar gaske ko da an rantse babu komai a cikinta.

Maganar "mataki na biyu" ko "mataki na uku" da ake rubutawa a kwalin kube don nuna ƙarfin riƙonsa tana ruɗar mutane. Tsarin ya samo asali ne daga Bill Rogers, tsohon jami'in hukumar binciken laifuka ta FBI, wanda kamfanin ƙera kube na Safariland da ke Amurka ya ci gaba da amfani da gwajinsa: mutum ya yi daƙiƙa biyar yana fizgar bindiga ta kowace fuska, a ga ko za ta fito. A lissafinsu, kullensu mai suna ALS, wanda babban yatsa ke saki, shi kaɗai mataki na ɗaya ne, murfin SLS mai juyawa na biyu, idan an haɗa su na uku. Wasu kamfanoni kuwa matsewar kube kawai suke ƙirgawa a matsayin mataki na ɗaya, saboda haka "mataki na biyu" nasu kulle ɗaya ne tal. Babu ma'auni guda da ya hau kan kowa. Na daina kallon lambar, ina tambayar abu biyu: me ke riƙe bindigar, kuma wane yatsa ke sakinta.

Mai maɓallin gefe shi ya fi cin lokacina. A cikinsa akwai ɗan ƙugiya da ke kama gaban zoben da ya kewaye kunama. Maɓallin yana daidai inda ɗan ali ke sauka, kuma idan yatsan a miƙe yake, bindigar na fitowa zai kwanta a jikinta sama da kunama. A hankali, sau hamsin na zare babu kuskure ko ɗaya. Da na sa agogo na fara gaggawa, labari ya canza. Hannu yakan riga yatsa: ka ja sama kafin ka danna, ƙugiyar ta ɗauki nauyi ta cije, bindiga ta ƙi fitowa. Ba tare da ka sani ba sai yatsa ya lanƙwashe, ka danna da bakinsa da ƙarfi. Kulle na saki, bindiga ta yo sama, yatsan kuma bai daina turawa ciki ba, abin da ke gabansa a lokacin kunama ce. Na ɗauki kaina bidiyo da waya, na rage gudunsa, na ga yatsana a cikin zobe alhali bakin bindiga na kallon cinyata. A jikina ban ji na yi haka ba sam, da ba don hoton ba da na musa. Kunamar fistol ƙirar Glock ta yau da kullum nauyin kilo biyu da rabi ko kusa da haka take buƙata, kuma babu wani makulli na waje da zai tare ta. Hannun da ya firgita ya fi haka ƙarfi nesa ba kusa ba.

Sanannen kube mai irin wannan tsari shi ne SERPA na kamfanin Blackhawk, kuma saboda wannan dalili makarantun koyar da harbi da dama a Amurka ba sa yarda a shiga da shi filinsu. Masu kare shi suna cewa laifin horo ne, wanda ya miƙe yatsa ba abin da zai same shi. Gaskiya ne, amma ni ban yarda a ba yatsan kunama wani aikin dannawa ba a daidai lokacin da ake so ya zauna shiru.

Matsala ta biyu datti. Na kwanta a gefen da kuben yake, na mirgina a rairayi mai ƙananan tsakuwa sau uku. A karo na biyu wata tsakuwa da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba ta shige bayan maɓallin. Na danna, ko gezau. Sai da na kwance bel, na kifa kuben, na bubbuga, na zaƙulo ta da tsinke. Maɓallin yana waje ne, a fuskar da ke gogar ƙasa, kuma yana buƙatar fili a bayansa kafin ya lotsa. Duk abin da ya cike filin nan ya kulle maka bindigarka.

Mai sakatar babban yatsa ba ya taɓa zoben kunama, yana kama bindiga ne ta tagar da kwanson harsashi ke fita. Sakatar tana ɓangaren jiki, babban yatsa na tura ta yayin da hannu ke kama ƙota, ɗan ali kuwa ba ruwansa. A rairayi ta yi nauyi, tana ƙara kamar ana niƙa, amma ta buɗe. Inda ta ba ni wahala shi ne da safar hannu mai kauri, na kuskure ta sau da yawa, haka kuma idan riga ta cusa tsakanin kube da ƙugu. Da hannun hagu ma sai da na zagayo ta gaba, na ɗauki lokaci mai tsawo. Wanda zai iya rasa amfanin hannun damansa ya kamata ya gwada wannan tun yana lafiya.

Na fata ba sai na ja magana ba. Maɓallin maɗaurin yana sassautawa da tsufa, gumi na tausasa fatar, bakin kuben ya rufta idan an zare. Daga nan mutum ya fara buɗe shi da bakin bindiga, ko ya sa ɗaya hannun a gabanta. Fatar da ta yi laushi tana iya naɗewa ta shiga zobe ta taɓa kunama.

Mayarwa ta fi zarewa haɗari, kuma nan ne aka fi sakaci. Na gwada da jaket mai igiyar tsukewa a ƙugu: ɗan robar da ke bakin igiyar ya faɗa cikin kube, na tura bindiga marar harsashi, na ji ƙas. Kunama ta ja. Tun daga nan nake yanke irin igiyoyin nan, nake ɗage riga da ɗaya hannun, in duba cikin kube da ido, in tura a hankali, babban yatsa a bayan bindigar. Idan na ji turjiya ba na ƙara ƙarfi, sai in fito da ita in duba. Kuben da aka yi don fistol mai tocila ya fi buƙatar wannan kulawa, domin dole a faɗaɗa bakinsa tocilar ta wuce, sai a bar giɓi a gefen kunama. Na sa bindiga marar harsashi a ciki na gwada zura ƙaramin yatsa da mabuɗi ta giɓin. Kuben da mabuɗi ya kai ga kunamarsa na ajiye shi gefe.

A gwajin fizga, kulle bai karye ko sau ɗaya ba. Abin da ya saki shi ne mahaɗin kube da bel. Mai faifan da ake cusawa a wando ya fito ɗungurungum, da bindiga da kube a hannun mai fizga. Wanda bel ke ratsawa ya tsaya, muddin bel ɗin mai tauri ne kuma faɗinsa ya dace da ramin. Sukurorin baya su ma suna kwancewa da tafiya. Na sa musu ɗigon gam ɗin ɗaure sukurori mai shuɗi, a ƙarfe kawai, don yana iya cin wasu robobi, na kuma ja layi da fenti a kan kowanne domin in gane idan ya juya.

Ba na sa mai a kulle, mai yana tara rairayi. Ruwan ɗumi da sabulu, a bar shi ya bushe. Kuben roba mai tauri irin Kydex kuma ba a barinsa a mota a rana, zafi na lanƙwasa shi ya daina kama bindiga yadda aka ƙera shi. Mai sakatar babban yatsa na bari a bel, kuma duk safiya kafin in loda nakan sa bindigar, in saurari ƙarar kulle, in ja sama da ƙarfi ba tare da taɓa sakata ba.